Harshen Aro

Ƙarfe tara na dare nake ajiye bas a tasha,
in kashe fitilu, in tsince lemar da aka manta,
in bi lungun bayan kasuwar kifi ta Sakata,
inda iskar teku ke marin mutum
ba ta tambayi shekarunsa ba.
Can ƙarshe akwai shuɗin labule, ya koɗe,
sai ka sunkuya za ka shiga.
Shugaban tasharmu ma sunkuyawa yake yi.

Kujera bakwai ce kacal.
Tawa ta jikin bango, mai gajeriyar ƙafa,
shekara ashirin da shida
Kikuyo na cusa mata jarida a ƙarƙashi.

Etsuji na bayan kanta, tawul ɗaure a goshi.
Busasshen kifi, ƙashin kaza, ganyen teku,
tun asuba suke gardama a tukunya guda
har bakinsu ya zo ɗaya.
Ya watsa taliya, ya ƙirga a zuci,
ya tsame, ya kaɗa sau uku, fat, fat, fat.
Rabin ƙwai, yankan albasa,
romo ya rufe su, garai-garai,
har kana hango zanen gindin kwano.

In ramen ya sauka, magana ta ƙare.
Zuƙa ake yi da ƙara,
wanda ya ci shiru ya raina mai girki.
Tururi ya rufe mini tabarau,
na ci gaba da ci a makance,
tsinke biyu sun san hanya.

Hunturun bara ya yi sati uku a asibiti.
Ya dawo da ƙafarsa, da hannunsa, da faɗansa,
harshe ne kawai bai biyo shi gida ba.
Daren da Kikuyo ta fita zubar da shara
ya raɗa mini:
"Masuo, gishiri da ruwan famfo
duk ɗaya ne a bakina.
Kada ta ji."

Haka na samu aiki na biyu, babu albashi.
In baƙi sun ragu, ya turo ɗan ƙoƙo ta gefe,
haɗin gobe ne a ciki.
In ya yi daidai, in gyara hula.
In ya yi lami, in sosa kunne.
Direba ne ni, ban taɓa dafa ko ruwan zafi da kyau ba,
ga shi unguwa guda na cin abinci da harshena.
Na riƙa tafiya a lungun da wani ɗan taƙama.

Sai mura ta kama ni a watan biyu.
Na kurɓi ƙoƙon, ban ji komai ba,
kamar na sha hazo.
Yana kallona.
Na gyara hula.
Ranar ban runtsa ba,
ina lissafin mutum nawa na cuta.

Washegari na zauna kamar mai jiran hukunci.
Kwano ya sauka. Ɗan makarantar da ke kusa da ni
ya shanye romo tas, ya nemi ƙari.

Kikuyo ta rako ni bakin labule da canjina,
ta zuba mini shi a tafi ɗaya-ɗaya.
"Ka sha magani," in ji ta.
"Jiya ka gyara hula a kan romo lami.
Na bi bayanku da asuba na gyara,
kamar dai kullum."
Ta waiga, yana can yana kankare tukunya.
"Kada ya ji."

Dusar ƙanƙara na sauka a kan kwalekwalen masunta.
Na sa hannu aljihu, sulallan da ɗuminsu.
Cikina ɗauke da kwano ɗaya,
bakina da amana biyu.
Gobe ma zan zo,
in ya turo ƙoƙo in kurɓa,
in yi dogon nazari,
in sosa kunne.